Fiyano Mai Rakiya: Me Makaɗa Ke Nema, Kuma Wa Ake Saurara?

Duk lokacin da Yamaha ko Korg suka fito da sabon fiyano, abin da ke kan gaba a takardar talla shi ne lissafi: sautuka dubu kaza, salon kiɗa ɗari kaza, allo mai faɗi kaza. Shi kuwa makaɗin da ke cin abinci da wannan na'ura, tambayoyinsa daban suke. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, zai daɗe kafin ya tashi? Kiɗan da na shafe shekaru ina haɗawa a tsohon, sabon zai karɓa? Zan iya sa masa gangar garinmu? Mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa ya hau bene da shi? Kusan duk ƙorafin da masu saye ke yi wa kamfanoni, da duk gyaran da kamfanoni suka yi a shekaru 30 da suka wuce, daga irin waɗannan tambayoyi suka taso. Abin lura shi ne ba kowane mai tambaya ake ba amsa ba.

Fiyanon da ake magana a kai shi ne mai rakiya, wanda 'yan kasuwa ke kira arenja. Bambancinsa da sauran shi ne yana ɗauke da ƙungiyar makaɗa a cikinsa. Ana raba maɓallansa gida biyu. Hannun dama yana buga karin waƙa, hannun hagu kuma yana danna kod, wato sautuka uku ko huɗu da ke tafiya tare. Na'urar tana karanta abin da hannun hagu ya danna, nan take ta juya bes da jita da sauran kayan rakiya su bi wannan kod ɗin, ganga kuma tana tafiya a ƙarƙashi ba tsayawa. Tsarin da ke ɗauke da wannan rakiya shi ne sitayil, ko salo. A na Yamaha kowane salo yana da layuka takwas: biyu na ganguna, ɗaya na bes, sauran biyar na kayan da ke cike tsakiya. Yana da mabuɗi da marufi, da matakai huɗu daga A zuwa D, daga kiɗa mai sanyi zuwa mai zafi, da 'yan gajerun juyi na ganga da ke haɗa wannan mataki da wancan. Makaɗi ne ke zaɓar lokacin da za a hau da lokacin da za a sauka. Nan ne ya sha bamban da faifan da aka riga aka naɗa. Faifai yana da tsawon da aka yanka masa, mawaƙi ne zai bi shi. Fiyano mai rakiya kuwa shi ke bin mutum.

Saboda haka ne ya zama kayan sana'ar mutum ɗaya mai aikin mutum shida. A Jamus da Holan shi ne abokin mai nishaɗantar da baƙi a wurin biki da gidajen rawa. A Indunusiya akwai sana'a sukutum da ake kira organ tunggal, inda makaɗi ɗaya da mawaƙa ke raya bikin aure da kiɗan dangdut. A arewa maso gabashin Siriya, waƙoƙin dabke na Omar Souleyman da suka zaga duniya sun tsaya ne a kan yatsun tsohon makaɗinsa Rizan Sa'id. A Turkiyya da ƙasashen Balkan da Sudan da Habasha labarin ɗaya ne. Manyan masu ƙera shi kuwa ba su da yawa. Yamaha tana Hamamatsu a Japan. Korg ma ta Japan ce, amma jerin fiyanonta na Pa a Italiya ake tsara su, a garin Osimo. Ketron tana Ancona. Roland ma ta daɗe tana ƙera nata a Acquaviva Picena kafin ta rufe wannan masana'anta tsakanin 2013 da 2014. Duk garuruwan nan uku a yankin Marche suke, inda Castelfidardo take, garin da ya shahara da ƙera akodiyon tun 1863. A ganina wannan ba dace ba ne kawai. Akodiyon kaya ne da hannun hagu ke danna madanni ɗaya ya fitar da kod cikakke, don haka mutanen yankin sun gaji tunanin raba aiki tsakanin hannuwa biyu. Wannan gado yana da amfani, kuma yana da iyaka, domin ya ɗauka cewa kowane kiɗa a duniya a kan kod yake tafiya.

Ƙorafi mafi tsufa shi ne na sauti. Mutane sun daɗe suna cewa da jin kiɗan ka san na fiyano ne, kuma jita ce ta fi tona asiri. Mai jita na gaske ba ya jera sautukan kod yadda mai fiyano ke jerawa, ga ƙarar yatsa a kan tsirkiya, ga bugun da ake toshewa da tafin hannu. Yamaha ta fara magance wannan da Tyros na farko a 2002, inda ta kawo sautukan MegaVoice masu ɗauke da irin waɗannan ƙananan ƙararraki don amfanin salo. Tyros 2 a 2005 ya zo da Super Articulation, wanda ke sa saksofon ko jita su sauya hali gwargwadon yadda aka haɗa maɓalli da maɓalli. A 2008 Tyros 3 ya sake tsarin salo don jita ta riƙa jera kod kamar yadda hannu ke yi a wuyanta. Ketron ta bi wata hanya da Audya: maimakon a kwaikwayi mai ganga da mai jita, sai a naɗi bugunsu na gaske a saka a cikin salo. Yamaha ma ta gwada wannan a ɓangaren ganga da PSR-S950 a 2012.

Sai dai masu saye sun gano tsadar wannan kyau tun ba a je ko'ina ba. Gangar da aka naɗa ɗungurungum tana da daɗin ji, amma ba ka iya cire bugu ɗaya ka sa wani, kuma idan ka ja gudunta ya yi nisa da yadda aka naɗe ta sai sautin ya fara lalacewa. Wanda ke buga waƙoƙin da kowa ya sani a otal, wannan bai dame shi ba. Wanda ke ƙirƙirar nasa kiɗan kuwa an ɗaure masa hannu. Wannan rabuwa tana nan har yau a tsakanin masu saye: akwai mai son ya kunna ya ji kamar faifai, akwai mai son a bar masa ƙofa a buɗe ya shiga ya taɓa komai. Ni ina tare da na biyun, domin sautin da ya burge mutum a shago yakan gundure shi bayan wata shida, amma damar gyarawa ba ta tsufa.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi a wurin masu aiki a bainar jama'a, wato yadda ake sarrafa na'urar ana tsakiyar kiɗa. Ka tsaya a bayan makaɗi a wurin dina ka kalli hannuwansa. Mawaƙi yana tsakiyar baiti sai ga kawun ango ya taso da bandir ɗin sababbin kuɗi. Dole waƙa ta tsaya a nan, a koma kirari da ambaton zuri'a har sai liƙi ya ƙare. Mawaƙin ba zai juyo ya yi bayani ba, hannu kawai zai ɗaga, ko ya ce, "Riƙe min nan, maigida." A cikin bugu ɗaya makaɗi zai sauko daga mataki na D zuwa A, ya kashe layin jita da na busa, ya bar ganga da bes suna juyawa, ya rage ƙarfi don a ji sunan da ake kira. Da Alhaji ya juya zai koma kujerarsa, sai a danna juyi a hau sama gaba ɗaya. Duk wannan da yatsa ɗaya ko biyu ake yi, ido yana kan mawaƙi. Mutumin da ke irin wannan aiki yana son madanni na gaske wanda yatsa zai lalubo ba tare da an duba ba, mai fitila da ke nuna a kunne yake ko a kashe.

Shi ya sa zuwan allon taɓawa ya raba kan makaɗa. Korg ta daɗe da shi. Yamaha ta yi ta jan ƙafa har sai da ta fito da Genos a 2017, sannan PSR-SX700 da SX900 a 2019. Allon yana sauƙaƙa neman sauti da gyaran salo a gida, wannan ba musu. A fili kuwa, rana tana dusashe shi, yatsa mai gumi yana zamewa, kuma abin da aka ɓoye a shafi na uku kamar babu shi ne. Kamfanonin sun fahimci haka, don haka manyan fiyanonsu na yanzu suna haɗa allo da madannai da 'yan sandunan ja waɗanda makaɗi zai ɗora wa aikin da ya ga dama. A nan ne kuma madannan ajiya suke da daraja, waɗanda ke riƙe salo da gudu da sautuka na kowace waƙa a danni ɗaya. Jerin PSR-S yana da takwas a jere, Genos yana da goma, Korg kuma tana da kundin waƙoƙi da take kira SongBook. Makaɗa suna son idan an sauya daga wannan ajiya zuwa waccan, sautin da ke kan ƙara kada ya yanke kwatsam, ya gama mutuwarsa a hankali.

Akwai buƙata ɗaya da ke nuna cewa naci yana biya. Hannun hagu a wannan fiyano ɗaurarre ne, domin da ya saki aikinsa rakiya ta tsaya a kod ɗaya. Makaɗa sun so a ba su hanyar naɗe jerin kod sau ɗaya, na'ura ta riƙa maimaitawa, su sami hannu biyu na yin gwaninta ko na murza sandar lanƙwasa sauti. Tsofaffin fiyanon Roland suna da wannan, Korg ta saka shi a Pa3X a 2011. Masu Yamaha sun yi shekaru suna roƙo, sai a 2019 ya iso da sunan Chord Looper, a SX900 da kuma sabuntawar manhajar Genos.

Batun nauyi da yawan maɓallai ba ya buƙatar dogon bayani. Mai yawon biki yana son 61 da lasifika a jiki. Wanda ya taso da fiyanon katako yana son 76 ko 88. Jerin Tyros ya tsaya a 61 har sai da Tyros 5 ya zo da zaɓin 76 a 2013. Genos ya zo da 76 a nauyin kilo 13, ba lasifika a jiki. Korg ta raba gardama a 2022 da ta fito da Pa5X a girma uku.

Abin da ya fi tayar wa ƙwararru hankali shi ne makomar aikin da suka tara. Makaɗin da ya yi shekara goma da fiyano ɗaya, dukiyarsa ba ƙarfen ba ce. Dukiyarsa ita ce ɗaruruwan salo da ya gyara da hannunsa, da sautukan da ya saya ko ya naɗa, da ajiyar kowace waƙa da ya daidaita da muryar mawaƙinsa. Kowane kamfani kuma da irin tsarin fayil ɗinsa, na Yamaha ba ya shiga Korg kai tsaye, na Korg ba ya shiga Ketron. Don haka sauya kamfani tamkar fara sana'a ne daga tushe. Masu fiyanon kamfanin Technics sun ɗanɗana wannan. KN7000 da ya fito a 2002 yana cikin fiyanon da aka fi ƙauna a zamaninsa, amma a 2004 kamfanin ya daina ƙera kayan kiɗa. Makaɗan dangdut na Indunusiya sun ci gaba da riƙe na'urorin KN shekaru da yawa bayan haka, suna gyarawa suna cire kayan wannan su sa wa wancan, saboda kiɗansu yana ciki. Ko a cikin kamfani ɗaya ma ba a tsira ba. Da Pa5X ya fito da sabuwar manhaja da aka sake ginawa, an yaba sautinsa ƙwarai, amma masu Pa4X, wanda ya gabace shi, da yawa sun koka cewa wasu kayan aikin da suka saba da su ba su zo ba, kuma kwaso tsohon aiki bai tafi sumul ba. Korg ta bi da sabuntawa a hankali tana cike giɓin. Mutumin da ya biya kusan dala 5,000 kuma yana da biki ranar Asabar ba shi da halin jiran sabuntawar baɗi. Ina ganin wannan ƙorafi yana kan gaskiya ɗari bisa ɗari. Yamaha ta fi samun yabo a nan, domin salon da aka yi wa tsofaffin PSR yawanci yana buɗewa a sababbi.

Yanzu ga inda tambayar wa ake saurara ta fito fili. An gina fiyano a kan ma'aunin Turawa, wanda ya raba tsani ɗaya na sauti gida 12 daidai wa daida. Kiɗan Larabawa yana da sautukan da ke faɗowa a tsakanin maɓalli da maɓalli. Maƙamin Rast da na Bayati, waɗanda duk mai sauraron ƙira'ar Masar ya saba da su ko bai san sunansu ba, ba sa fita daidai sai an sauke wani sauti da kusan rabin tazarar da ke tsakanin maɓallai biyu maƙwabta. Tun a taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932 ake muhawara kan ko fiyano zai iya ɗaukar wannan kiɗa. Abdallah Chahine na Labanan ya ƙera fiyano na musamman don haka. Da na lantarki ya zo, makaɗan Masar da Sham da Turkiyya suka rungume shi, suka kuma matsa sai an gyara masu. Kamfanoni suka amsa da samfura na musamman. Yamaha tana da jerin PSR-A, irin su A3000 na 2015 da A5000 na 2021. Korg tana fitar da nau'in Oriental na fiyanonta na Pa. Abin da ya bambanta su shi ne jerin madannai 12 a fuskar na'urar, kowane ɗaya na sauti ɗaya, ka danna ya sauka nan take, domin mawaƙin Larabawa yana iya ficewa daga wannan maƙami ya shiga wancan a tsakiyar baiti. Yawancin manyan fiyano suna da wannan dama a ɓoye cikin shafukan saiti, amma fito da ita inda yatsa zai kai shi ne ainihin abin da aka roƙa. Ba su tsaya nan ba. Sautin da Bamisire zai sauke, Baturke ba zai sauke shi daidai wannan gwargwado ba, don haka suka nemi a bar kowa ya auna nasa ya ajiye. Suka nemi ƙidayar kiɗa irin 9/8 ta Turkiyya da 7/8 ta Balkan, da darbuka da ƙanun da udu da mizmar na gaske. Duk an ba su.

Indiya ma ta sami nata. PSR-I455 da PSR-I500 sun zo da tabla da tanpura da harmoniyom da sitar, kuma a 2019 Yamaha ta fara ƙera kaya a masana'antarta ta Chennai.

Mu fa? Alaƙarmu da wannan na'ura ba ƙarama ba ce. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kiɗansa a 1978 da ogan ɗin Orla na Italiya, kiɗan da 'yan Nijar suka daɗe suna ji a rediyo da talabijin kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa kan yadda fiyanon Casio da jerin PSR na Yamaha suka shiga situdiyoyi irin na Iyan-Tama a shekarun 1990, suka zama ƙashin bayan waƙoƙin fim, har waƙar fim ɗin Sangaya ta buɗe wani sabon babi a ƙarshen shekarun. Daga nan kiɗan fiyano ya bazu zuwa waƙoƙin siyasa da na biki da na bege. A coci-cocin Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano kuwa, har yau shi ke riƙe da waƙoƙin yabo, kuma a can ne aka fi amfani da shi kai tsaye a gaban jama'a. Duk da haka babu samfurin da aka ƙera da sunanmu. Abin da ya fi kusa shi ne fakitin ƙari da Yamaha ta fitar da sunan Afirka, nahiya guda a dunƙule.

Ana yawan cewa son finafinan Indiya ne ya sa kiɗan fim ɗin Hausa ya yi kama da nasu. Akwai gaskiya a ciki, amma a duba abin da makaɗin ya tarar a cikin akwatin. Ƙa'idar General MIDI ta 1991, wadda kusan kowane fiyano na wancan zamani ya bi, ta jera sautuka 128. Takwas daga ciki aka ware wa kayan gargajiyar al'ummomi, kuma a cikin takwas ɗin akwai sitar da shehnai na Indiya, da koto da shamisen na Japan. Na Afirka ɗaya ne, kalimba. Yaron da ke son algaita, shehnai ce mafi kusa da zai samu. Mai son sarewa zai ɗauki wata busar ta wata ƙasa. Babu kalangu, babu kotso, babu kuntigi, babu gurmi, babu ƙwarya. Da abin da ke hannu aka yi aiki, kuma kunnen tsara guda ya tashi a kan haka.

Ko an naɗi kalangu an saka, da sauran aiki. Fiyano yana ɗaukar ganga a matsayin abu mai sauti ɗaya tsayayye: ka danna, ta yi ƙara, ta mutu. Kalangu kuwa ana matse tsirkiyoyinsa a hammata, sautin ya hau ko ya sauka bayan an riga an buga, kuma da wannan hawa da sauka yake faɗin magana, tunda harshenmu da karin sauti yake rarrabe kalmomi. Taken da makaɗan Shata ke bugawa magana ce da mai ji ke fassarawa. Don fiyano ya yi wannan, sai an naɗi bugu iri-iri, na sake da na matse da mai zamewa sama da mai zamewa ƙasa, an shimfiɗa su a maɓallai, an kuma ba makaɗi hanyar matsawa da hannu ko da ƙafa yana cikin bugu. Sannan ga batun kod. Kiɗan kotso na Narambaɗa ko kuntigin Ɗan Maraya Jos ba a kan sauyin kod suke tafiya ba. Suna tafiya ne a kan zagayen ganga ko tsirkiya, da musayar jagora da 'yan amshi. Abin da irin wannan kiɗa ke buƙata daga na'ura shi ne layukan ganga fiye da biyu, da damar kunna kowane ɗaya a kashe shi shi kaɗai, da zagaye mai tsawon da makaɗi ya so, da bugu uku a kan biyu wanda ba a daddatse shi ya yi tsaf har ya rasa rausayarsa ba. Goge da kukuma su ma suna da sautukan da ba su zauna daidai kan gida 12 ɗin nan ba, don haka madannan da aka yi wa Larabawa za su yi mana aiki, kamar yadda suka yi wa makaɗan Muritaniya.

Me ya sa ba a ji wannan a Hamamatsu ko Osimo ba? Kamfani yana jin muryar kasuwa ne ta bakin dilolinsa, da takardun garanti, da makaɗan da yake ɗauka su gwada kaya kafin a fitar. Makaɗin Istanbul ko Dubai yana sayen sabo daga wakilin kamfani, don haka an ƙidaya shi. Namu yawanci na hannu yake saye, ɗan Kwatano, wanda wani ya gama yayinsa a Turai, ya biyo ta Alaba a Legas ya iso Sabon Gari. A littafin kamfani wannan fiyano an sayar da shi ne a Jamus ko Ingila. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ginin bai ma san akwai mutum a ɗakin ba. Shi ya sa matsalolin da suka fi ci mana tuwo a ƙwarya ba sa cikin jerin abin da ake gyarawa. Wutar janareta mai hawa da sauka tana ƙona adafta. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin robar maɓallai, sai ka ji wani maɓalli ya yi shiru, wani kuma yana ihu da ƙarfi ɗaya ko yaya ka taɓa shi. Ƙananan fiyano irin jerin PSR-E suna aiki da batir shida, amma manyan da ake sana'a da su sai da wuta, kuma idan ta ɗauke kafin a adana, aikin ya tafi. Allon taɓawa idan ya fashe, samun madadinsa a Kano ko Damagaram aiki ne ja. Da za a tambayi makaɗanmu, na tabbata batir na ciki da jiki mai hana ƙura da kayan gyara masu araha za su zo gaba da ƙarin sautuka ɗari biyar.

Akwai kuma gaskiyar da ba a kauce mata: situdiyoyi da yawa sun koma kwamfuta da manhajoji irin FL Studio da Cubase, mawaƙa da dama kuma suna zuwa biki da filasha su miƙa wa DJ su bi faifai da baki. Matasa a Turai ma suna ƙorafin cewa salon da ke zuwa a cikin na'urar na iyayensu ne. Amma kwamfuta ba ta maye gurbin aikin da aka gani a wurin dina ba, kuma waƙar Hausa, mai tsayawa ta yi kirari ta ɗora, tana cikin waɗanda suka fi buƙatar rakiya mai bin mutum.

Ƙofar da ta buɗe mana ita ce ma'adanar ƙari, wurin da mai fiyano ke zuba sautukan da ya naɗa da kansa. A nan kamfanoni sun saurari masu saye sosai. PSR-S950 yana da megabait 64 kacal. S970 na 2015 ya zo da 512. SX900 ya kai gigabait 1, Genos kuma ya tashi daga 1.8 zuwa 3 bayan sabuntawa. Turkawa da Larabawa da mutanen Balkan ba su jira kamfani ba, sun gina kasuwa guda ta haɗa saiti, inda gwani zai naɗi kayan kiɗan ƙasarsu ya tsara salo ya sayar wa 'yan uwansa makaɗa. Makaɗan coci a kudancin Najeriya su ma suna musayar salo da gangar Yarbawa a tsakaninsu. Babbar damuwar masu wannan sana'a ita ce kwafi, shi ya sa suka nemi a riƙa kulle fakiti da lambar fiyanon wanda ya saya, kuma Yamaha ta samar da hanyar yin haka. Aikin da ke gabanmu a bayyane yake: situdiyo mai shiru, makirfo mai kyau, da makaɗan kalangu da kotso da algaita da gurmi na gaske, a biya su haƙƙinsu, a rubuta sunayensu a jikin fakitin, a naɗi kowane bugu da ƙarfi daban-daban, sannan wanda ya san kiɗan tun yana yaro ya zauna ya tsara salon. S970 na hannu ya isa ɗaukar wannan duka, kuma irinsa suna nan a situdiyoyi da coci-coci da dama.